Koriyar Miyar Mutanen Chadi

Ni mace ce mai mantuwa, kowa a gidanmu ya shaida. Na sha zagaye tsakar gida ina neman ludayi alhali yana hannuna, na kuma sha zuba gishiri sau biyu a tukunya ɗaya. Amma akwai abin da ya same ni a wata bazara, a wani ƙauye na ƙasar Anka, wanda ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinsa tiryan-tiryan ba tare da na tsallake komai ba. Shekaru sun ja, amma har yau idan na tuna sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Ni 'yar Gummi ce, aure ne ya kai ni can. Maigidana, kamar yawancin mazan garin a wancan lokaci, ya jingine fartanya ya koma haƙar zinariya. Su kawo duwatsu gida a buhu, mu mata mu farfasa, a kai inji a niƙa, a wanke garin a tafkin bayan gari. Yara kuwa a cikin wannan gari suke wasa, su yi birgima, su kai hannu baki. Babu wanda ya san akwai dalma a cikin duwatsun nan, ni kam ko sunanta ban taɓa kawowa a raina a matsayin guba ba. Sai da yara suka fara suma suna fizge-fizge, yau a wannan gida gobe a wancan, sannan muka san mun ɗebo abin da ya fi ƙarfinmu. Duk wanda ke sauraron rediyo a shekarar 2010 ya ji labarin Dareta da maƙwabtanta. To mu ba a rediyo muka ji ba. Ɗana na fari a cikin waɗanda suka tafi yake.

Ƙanwarsa ce Allah ya bar mini. Likitoci suka zo, aka kwantar da mu a Anka, aka yi ta ba ta maganin da ke fitar da dalma daga jini. Aka kankare ƙasar gidajenmu aka zuba sabuwa, aka hana niƙa dutse a cikin gari, aka ce tafkin nan ko alwala kada a ƙara yi da ruwansa. Yarinya ta tashi, amma tashin da ba ya kwantar wa uwa da hankali. Ba ta cin abinci sai da kokawa, gashinta ya yi ja ya kakkarye, tafin hannunta fari fat. Idan na goya ta sai na riƙa kai hannu baya ina taɓawa, don ban jin nauyin komai. Duk wanda ya binne ɗa ɗaya ya san irin kallon da yake yi wa wanda ya rage. Ni dai a lokacin ba ni da wata addu'a da ta wuce kada na binne na biyu.

Sunan surukata aka sa wa yarinyar, don haka ban taɓa kiranta da sunanta ba, ita kuwa surukar tawa, wadda duk muke kira Inna, takwara take ce mata. Sai na ɗan tsaya na faɗa muku wace ce Inna, don in ba ku san ta ba ba za ku gane abin da ya biyo baya ba. Tsohuwa ce 'yar siririya mai ƙarfin hali, wadda take ganin abin kunya ne mace ta nemi a waje abin da hannunta zai iya yi. Daddawarta ita ke yi, sabulunta ita ke dafawa, igiyar akuyarta ita ke tufkawa. Idan ta ga wani abu sabo a hannunki, ba za ta tambaye ki inda ake samu ba, sai dai ta ce yaya ake yi. Mun sha yin 'yar tsama da ita a kan haka, don ni ma bakina ba ya shiru, amma ban taɓa ganin mai son jika kamarta ba.

Ana cikin haka sai wasu baƙi suka kama ɗaki a gidan da ke jikin namu. Mutanen Chadi ne, mijin ya biyo labarin zinariya, ya taho da matarsa da 'ya'yansu. Matar doguwa ce baƙa mai yawan dariya, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba, sauran da hannu muke ƙarasawa. Abin da ya fara jan idona shi ne 'ya'yanta. Abincinsu bai fi namu ba, nama ba su fi mu gani ba, amma yaran ɓul-ɓul, fatarsu tana sheƙi, wuni suke suna tsalle a kan katanga. Na yi ta satar kallonsu ina kwatanta su da tawa, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Wata rana na leƙa karɓar wuta na tarar tana miya. Ban taɓa ganin miya mai irin wannan kore ba, kore mai duhu har yana komawa shuɗi-shuɗi, ba na kuka ba, ba na alayyafo ba. Ta ga na yamutsa fuska sai ta tuntsure da dariya, ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin tsumma. A ciki wasu busassun fale-fale ne masu kama da ɓawon laka da ya tsattsage a rana. Ta gutsuro ta miƙo mini, na shinshina, ƙarni-ƙarni kamar busasshen kifi. Ta ce sunansa dihe, daga garinsu ta zo da shi. Ta nuna 'ya'yanta, ta dunƙule hannu alamar ƙarfi, sannan ta nuna tawa da ke maƙale a bayana. Ta ce, “Ba ta. Kaɗan kaɗan. Jini.”

Na karɓa don kunya, amma ban ba yarinya ba. Wadda guba ta shiga gidanta ta hanyar abin da take takawa kullum ba ta ƙara yarda da abu don an yi mata dariya. Na ƙulle shi a bakin zane har ranar da za mu koma Anka a duba jinin yarinya, na nuna wa wata malamar asibiti da muka saba da ita. Ta juya shi, ta shinshina, ta tambaye ni daga ina, na ce daga Chadi. Sai ta ce ta san shi. Ta ce wata irin gansakuka ce da ke fitowa a ruwan kanwa na can yankin tafkin Chadi, mutanen wurin sun gaji cinta tun kakanni, kuma a manyan birane ana sayar da ita gari ko ƙwaya da sunan sifirulina. Ta ce abinci ne mai gina jiki, yana taimakon wanda jininsa ya yi ƙasa, yana kuma taimakon yaron da ya rame. Amma ta ɗaga mini yatsa ta ce, “Ki ji ni da kyau, ba maganin dalma ba ne. Maganinta na asibiti kada ki fasa, abinci kuma kada ki rage. Wannan ƙari ne kawai.”

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar gansakuka. Na ce, “Malama, gansakuka dai wagga da muka sani, ta bisa ruwa?” Ta yi dariya ta ce dangi ne, amma ba kowacce ba. Layi ya yi tsawo a bayana, aka kira ta gaba, maganar ta tsaya a nan.

Muka fara marmasa wa yarinya kaɗan a miya, wani lokaci a kunu. Ranar farko ta tofar, ta biyu ma haka, daga baya ta saba. Ba zan ce muku abin al'ajabi ya faru dare ɗaya ba, kuma ban san nawa ne na koren nan nawa ne na maganin asibiti ba. Abin da na gani da idona dai shi ne, kafin wata ya zagayo yarinyar da sai an danne ta take haɗiye loma ta fara jawo kwano da kanta. Tafin hannunta ya fara yin ja. Wata safiya na ji ƙara a bayan ɗaki, na fita a guje, ashe ita ce take bin kaza da kara tana dariya. Na tsaya na yi ta kuka kamar wata sakarya. Inna ta fito ta gan ni ta ce, “To mi na na kuka kuma? Takwara ta tashi, sai ki bar ta ta kashe muna kaji.”

Tun daga ranar Inna ta ƙulla ƙawance da matar nan ta Chadi. Kullum da la'asar tana can, ta kai mata daddawa, ta kai mata kuka. Wata rana ina tankaɗe na jiyo ta ta katanga tana tambayar da na san za ta yi: “Wanga abu, ƙaƙa aka yin shi?” Na leƙa ina dariya. Baƙuwar ta tashi tsaye tana kwatantawa da jiki. Ta tattare zane zuwa gwiwa alamar shiga ruwa, ta ɗauki kwano tana yaɗe saman iska kamar mai kwashe man shanu daga nono, ta durƙusa ta yi ɗan rami mai faɗi a yashi, ta zuba, ta nuna rana, sannan ta yi alamar yankawa da wuƙa. Ta ɗauko ɗan guntun kanwa ta nuna, tana cewa ruwan garinsu haka yake. Inna ta bi ta da ido ba ta ko ƙiftawa, tana gyaɗa kai. Na ce, “Inna, ko Chadi za ki koma?” Ta ce, “Ke dai yi tankaɗenki.” Muka yi dariya aka watse, ban ƙara tuna zancen ba.

Da zafi ya fara tsananta sai labari ya zo an sami sabuwar jijiyar zinariya ta wajen Bukkuyum. Masu haƙa ba sa sallama mai tsawo. Cikin kwana biyu baƙinmu suka ɗaure kaya. Matar ta raba abin da ya rage mata biyu ta ba ni rabi, muka rungume juna, suka hau babur suka tafi, ban sake ganinta ba har yau. Na zuba shi a wata 'yar ƙwarya na rufe da faifai a ɗakin girki, ina tsakura kamar mai tsakurar zinariyar kanta. Duk da haka ya ƙare. Ba a daɗe ba, ko don zafin bazara ne ko don rashinsa, yarinya ta sake janye baki daga abinci. Na ga idon Inna yana bin ta duk inda ta yi. Kowaccenmu ta san abin da 'yar'uwarta take tsoro.

A tsakiyar haka aka aiko daga Gummi cewa yayata ta haihu, haihuwar kuma ta zo da wahala. Dole na je. Hanya da nisa, rana kamar ta fasa kai, Inna ta ce kada na wahalar da yarinya, na bar mata ita. Maigidan yana daji wurin haƙa, sai ya yi kwanaki bai leƙo ba. Na tafi da niyyar kwana biyu, jikin yayata ya ƙi, na zarce har bayan suna.

Da hantsi na dawo. Gidan shiru, babu akuyar Inna a turke, na ɗauka ta tsinke ta fita. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga da yarinya a hannu ta ce Inna ce ta miƙo mata ita tun jiya, wai zazzaɓi ya kayar da ita. Na leƙa ɗakin Inna na tarar ta juya wa ƙofa baya ta lulluɓa har ka, cikin wannan zafi. Na gaishe ta, ta amsa da ƙyar, ta ce na bar ta ta ɗan runtsa. Ɗakin yana warin amai. Na ce bari na yi sauri na ɗora girki, yarinya ta ci, ita ma na dama mata kunu, in ya so da rana ta yi sanyi a nemi mai babur.

Na shiga ɗakin girki neman daddawa, hannuna ya bugi 'yar ƙwaryar nan da na bari wayam, sai na ji ta da nauyi. Na ɗaga faifai. Cike take da koren fale-fale, an yanka su daidai wa daida, har sun fi na da kyan gani. Wallahi wani daɗi ya rufe ni. Na ce Allah sarki baiwar Allah, ashe ba ta manta da mu ba, ta sami mai zuwa daga Bukkuyum ta aiko. Na shinshina, na ji warin ya ɗan bambanta, akwai wani ɗoyi-ɗoyi na laka a ciki, sai na ce ai tafiya ce da zafi. Na hura wuta, na kaɗa miya, na marmasa guda biyu manya a ciki don yarinya ta daɗe ba ta samu ba. Na zaunar da ita a kan tabarma kusa da ni, na ɗauraye ɗan kwanonta na ajiye. Miya ta tafasa, warinta ya cika gida.

Ina tsugune ina tuƙa tuwo a ɗayan murhun na ji wani gurnani a bayana. Na waiwaya. Inna ce take fitowa daga ɗaki da rarrafe, ba ɗankwali, zane yana jan ƙasa. Matar da ko jikanta bai taɓa ganin kanta a buɗe ba. Na tashi zan tare ta ina cewa, “Inna, lahiya? Mi kika so in kawo miki?” Ko kallona ba ta yi ba. Ta wuce ni a kan gwiwoyinta, ta kai murhu, ta sa hannu biyu tsirara ta kama tukunyar da ke tafasa, ta kifar da ita a ƙasa. Miya ta malale ta kashe wuta, tururi ya tashi, yarinya ta tsala ihu. Ni kuwa na sandare da muciya a hannu. Abin da ya fara zuwa raina shi ne tsohuwa ta taɓu.

Ta zube a gefen murhu tana haki, sannan ta ɗago ta dube ni. A nan ne na ga idanunta a cikin hasken rana. Farin idon nan ya koma rawaya kamar an ɗiga masa kurkum. Ta ce, “Ta ci?” Ta sake cewa da ƙarfin da ban san tana da shi ba, “Ɗiyag ga, nac ce ta ci?” Na ce ba ta ci ba, ko ɗanɗanawa ba a yi ba. Sai ta kifa goshi a ƙasa tana ta hamdala, fatar tafin hannunta ta riga ta tashi.

Na durƙusa na riƙe ta na ce, “Inna, ba matar Chadi ta aiko shi ba?” Ta girgiza kai. Ta ce, “Ni niy yi shi. Tabkin bayan gari niɗ ɗebo.”

Ban san lokacin da muciya ta faɗi daga hannuna ba. Tafkin bayan gari. Tafkin da aka wanke garin dutsen da ya kashe mini ɗa, wanda aka ce ko dabba kada a bari ta kusanta. Da bazara ruwansa yakan janye ya bar ɗan kaɗan a tsakiya, saman ya rufe da wani kore mai kauri kamar an zuba fenti. Kullum muna wucewa ta gefensa muna toshe hanci. Ashe tun ranar da na tafi Inna ta ɗauki ƙwarya ta shiga har gwiwa, ta yaɗe saman kamar yadda aka kwatanta mata, ta yi rami a yashi, ta zuba, ta shanya, ta yanka. Babu matakin da ta tsallake. Har kanwa ta jiƙa ta yayyafa, tunda an ce ruwan can na kanwa ne, namu kuwa ba shi da ita. A ganinta ta gyara abin da ya rage.

Na ce, “To ke mi ya same ki?” duk da na riga na san amsar, jikina ne kawai ya ƙi yarda. Ta ce, “Ci niy yi. Mu gidanmu ba a ba yaro abin da babba bai ci ba ya kwana da shi. Haka uwata ta yi muna. Nic ce in ci kwana da kwanaki, in ya zauna min lahiya, kina dawowa mu ba takwara.” Tun daga rana ta biyu cikinta ya fara murɗawa, ta ce ai sabon abu ne, jiki bai saba ba, ta ƙara. Da amai ya zo ta ce ƙila dattin ciki yake fitarwa, ta ƙara. Sai da akuyarta ta ci ragowar da ke shanye a yashi, ta faɗi tana shure-shure ta mutu kafin a kawo wuƙa, sannan ta gane. Ta ja gawar ta rufe a bayan gida, ƙarfinta ya ƙare a nan. Ta miƙa yarinya maƙwabta, ta kwanta da niyyar in ta ɗan farfaɗo ta binne abin da ke cikin ƙwarya kafin kowa ya gani. Kunya ta hana ta faɗa wa maƙwabciya, ta kuma hana ta faɗa mini da na leƙa. Warin miyar ne ya tashe ta.

Na juya na dubi ɗan kwanon yarinya da ke ajiye a ɗauraye, na dubi tuwon da saura kaɗan na kwashe. Da zazzaɓin ya ɗan ƙara nauyi barci ya ɗauke Inna, da iska ta kaɗa warin ta wani gefen, da ni da hannuna zan ɗebo in hura in sa mata a baki, ina lallashinta ta ƙara loma ɗaya. Na zauna daɓas a cikin miyar da ta zube.

Maƙwabta suka shigo jin ihun yarinya. Aka tura mai babur daji ya ɗauko maigidan, aka sa Inna a tsakiya, shi a baya yana riƙe da ita, aka ɗaure su da zane don kada ta zame. Na bi su a wani babur ɗin da yarinya a baya da ƙwaryar a cinya, don na san za a tambaya. A Anka likita ya duba ta ya ce hanta ce ta taɓu, kuma ta taɓu sosai. Malamar nan da na fara nuna wa abin ta buɗe ƙwaryar, ta ji inda aka ɗebo, ta dafe kai. Daga baya ta zaunar da mu ta yi mana bayanin da layi ya katse a wancan karo. Ta ce gansakuka iri-iri ce, akwai ta ci, akwai mai dafin da ke lalata hanta, kuma da ido ba a rarrabe su, ko ita ba za ta iya ba. Dafuwa ba ta kashe dafin, shanya ma haka. Ta ce ko da ta cin ce ta fito a tafkinmu, tana tsotse duk abin da ke cikin ruwan da ta girma, ruwan nan kuwa kowa ya san abin da ke kwance a ƙasansa. Wadda ake sayarwa a birni a tsaftataccen ruwa ake noma ta, a kuma gwada ta kafin ta fita. Maigidana, namiji da gemunsa, ya juya ya fuskanci bango.

Inna ta yi kwanaki a gadon asibiti, hannuwanta biyu a naɗe, ni ke ba ta ruwa a baki. Wata rana da hankalinta ya ɗan dawo ta sa aka ɗora mata yarinya a gefen gado. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce mini, “Kak ki tsani abin nan don ni. Na Chadi ya yi mata amfani, da idona nig gani. Ki nemo mata na gaskiya.” Na ce to. Ta ɗan yi murmushi ta ce, “Amma dai yankana ya hi na matar nan kyau, ko ba ki gani ba?” Na yi dariya hawaye yana zuba, na ce na gani, Inna. Wannan ce hira ta ƙarshe da muka yi. Bayan kwana biyu ta daina gane mutane, ranar Juma'a aka kai ta makwancinta.

Mai unguwa ya sa aka yi shela a gari, aka zagaye tafkin da ƙaya. Malamar asibitin ba ta manta da mu ba, da ta je Gusau ta zo mini da garin na gaskiya a cikin gwangwani a rufe. Sai da na yi kusan wata yana ajiye ban iya buɗewa ba, ko launinsa ba na son gani. Daga baya na tuna wasiyya ce, na buɗe. Yarinya ta ci, ta ci gaba da maganinta, jiki ya dawo a hankali. Yau budurwa ce, ta fi ni tsawo. Karatu yana yi mata nauyi, an ce dalma takan bar wannan, amma tana raye, tana dariya, kuma duk abin da ta gani a hannun mutum sai ta tambaya yadda ake yi.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Na taɓa jin haushin Inna, na ce me ya kai ta, daga baya na ga ba ni da bakin faɗar haka, don abin da ya kai ta tafkin shi ne abin da ya sa na marmasa guda biyu maimakon ɗaya. Dukanmu tsoron rasa yarinya ne ya rufe mana ido. Abin da na koya shi ne, so da kyakkyawar niyya ba sa mayar da guba abinci, kuma ganin yadda ake yin abu bai isa a ce an san shi ba. Tun daga lokacin, duk abin da aka ce yana ƙara lafiya, gari ne ko ƙwaya ko saiwa, sai na tambayi inda ya fito da ruwan da ya sha, na kuma kai wa wanda ya sani ya duba, ko da za a ce na cika tsirfa. Na gwammace a yi mini dariya. Mu a gidanmu an riga an gwada mana, kuma da ran tsohuwa aka gwada.